Jar Mota da Zanen Kaka

Ni dai na shiga motoci. Na hau kamiyo bisa buhunan albasa, na rataya bayan motar Kanan-Bakache ran kasuwa da ƙahwa guda a waje, na taɓa kwana tsakanin awaki daga Tasawa har Damagaram. Amma in ana zancen motar da ta hi daɗin doguwar tahiya, jar motar mijin Innata ce. Kuma daɗin nan ba ni na sha shi ba. Kakata ta sha, ni ina kallo.

Lokacin ina tashar Tasawa. Na bar lakwal tun da mushe, malaminmu, ya ce kaina ya cika, ni ma na duba na ga gaskiyarshi. Ina ɗaure kaya bisa motoci, ina kiran ƴan tahiya, ina zagin direbobi in sun ba da baya. Shekarar hwari ce, ba kuma ta hwarko ba. Soja ke riƙe da ƙasa, ko'ina bariyar, ko'ina jandarma. Manyan motoci duk an kwashe su jidar jar dawar taimako, ƙauyukan arewa sai ran kasuwa suke ganin mota, wani mako ma ba ta zuwa.

Wata hantsi sai ga wani abu ja ya shigo tasha shina gurnani. Mota ce, amma tsayinta bai wuce ƙuguna ba. Hanci dogo, baya ɗan guntu, ciki kamar shina lasar ƙasa. Kujeru biyu ne cikinta, iyakarsu ke nan. Tasha ta watse, har mai ƙosai ta bar kasko ta taho kallo. Ƙohwa ta buɗe, sai ga mijin Innata shina hitowa kamar mai hita daga rami.

Makanisa ne a Maraɗi, mutum mai shiru-shiru, hannunshi kullum baƙi da mai. Wani Anasara da yake gyara ma mota ya tashi komawa ƙasarsu ya bar mishi ita. Baba nake ce mishi.

Na ce, “Baba, wannan ta yara ce ko ta manya?”

Bai yi dariya ba. Ya ce, “Innarka ta sauka. Ɗiya mace.”

“Kai, barka!”

“Jikin ba daɗi. Zazzaɓi, kuma nono bai zo ba. Uwarta take kira. Shiga ka nuna mani hanya, ni sau guda na taɓa zuwa garinku.”

Inna ƙanwar uwata ce. Uwata ta rasu cikin jego ina ƙarami, Kaka ta rene ni, ita da Inna. Yanzu Inna kaɗai ta rage mata. Haihuwar hwari kuwa gida ake zuwa a yi ta, uwa ta yi ma ɗiyarta wanka, ta dama mata kunu. To wannan shekara gida ba hatsi, rijiya ta yi ƙasa, ruwan sha ma sai an yi layi, bare na wankan jego. Shi ya sa Inna ta zauna Maraɗi. Tun da ɗiya ba ta je ba, dole uwa ta zo.

Na shiga. Ba zama ake yi cikin motar nan ba, kwanciya ake yi. Kujerar hwata ce mai laushi, ta kama ni ta ko'ina, ƙahwahuna sunka miƙe can gaba ƙarƙashin hancin. Na ɗaga ma ƴan tasha hannu kamar wani kumandan. Daɗin bai kai ko'ina ba, dan muna hita gari munka bar gudoro mai kwalta munka hau jar hanya. Motar nan ba ta san jar hanya ba. Duk tsakuwar da taya ta taka sai na ji ta ƙashin bayana. Haƙorana sunka yi ta gaisawa da juna har Kanan-Bakache. Daga nan kuma rairai ne, da sawun kamiyo guda biyu masu zurhi, tudu a tsakiya. Baba ya ɗora taya biyu bisa tudun, biyu bisa gehen hanya, muna tahe a karkace kamar kaguwa.

Munka iso garinmu rana ta take. Yara sunka biyo mu, amma ba gudu kamar da, ba su da ƙarhin gudu. Baba ya tsaya nesa da gida, ya cire takalmi, ya je ƙohwa ya durƙusa, kanshi a ƙasa. Haka ake yi. Suruki ba shi haɗa ido da uwar matarshi, ba shi cin abinci gabanta, in sun yi kiciɓis a hanya wani sai ya ratse. Tun da anka yi auren, Kaka ba ta taɓa yi mishi magana kai tsaye ba sai gaisuwa, ita ma daga bayan danga.

Ni na shiga. Na iske ta tana tsame ƴaƴan itacen anza masu ɗaci daga ruwa, ita ce abincin shekarar. Ta rame, wuyanta duk jijiya.

Na ce, “Amaryata, wa ya cinye mani ke?”

Ta ce, “Mijin banza, ka zo hannu wohi kamar kullum. Wa ke ƙohwa?”

Na hwaɗa mata. Ta goge hannu, ta shiga ɗaki ta hwara haɗa kaya: kanwa, wasu sassaƙe da saiwoyi cikin tsumma, babbar ƙwarya, ludayi, tabarma. Ta aika a kai akuyarta guda da ta rage wajen wata Bahillata ƙawarta. Ta amsa gaisuwar Baba daga bayan danga, ta yi mishi barka, sannan ta hito da lulluɓi har hanci. Baba ya matsa can gindin aduwa ya ba ta baya.

Ta tsaya gaban motar ta duba. Ta zagaya ta.

“Kai, ina sauranta?”

“Duka ke nan, Kaka.”

“Ina zan zauna?”

Na nuna mata.

“Shi kuma?”

Na nuna mata. Tsakanin kujerun nan biyu, in ka aje tahin hannu ya cika wurin. Ta dubi kujera, ta dube ni, ta aje ƙwarya ƙasa.

“Ba da ni ba. Kahwaɗa da kahwaɗa da mijin ɗiyata, har Maraɗi? Da idon mutane? Kai ba ka da hankali, shi ma ba shi da shi?”

Baba shina ji daga gindin aduwa. Na ga ya dahe kai. Wallahi bai yi tunanin abin ba. Shi dai ya ga matarshi kwance, ya ga mota ƙohwar gareji, ya zuba mata isansi a tanki ya taso. Har cikin ranshi shina ganin girmamawa ce, a ɗauko suruka da motar da ko suparahe mai mulkin Tasawa ba shi da irinta.

Kaka ta ce za ta taka zuwa Kanan-Bakache ta jira motar kasuwa. Kasuwa kuwa da saura. Na je na ce ma Baba shi ba ni makulli, ni in kai ta, shi shi biyo mu a baya. Ya ce, “Kana da permin tuƙi?” Na ce ina da hannu. Ya ce bariyar ta hwarko za a ɗaure mu mu duka har da tsohuwar, kuma ma ya ga yadda na taɓa ja da kamiyo baya na rushe rumhwar mai shayi. Ban san labarin ya kai Maraɗi ba.

Mutane sun taru, kowa da tashi shawara, rana tana tahiya. Ni kuma bakina ba shi iya zama. Na ce, “To a gina musu danga a tsakiya mana, kowa da ɗakinshi.”

Na hwaɗa ne dan a yi dariya. Wani tsoho maƙwabcinmu bai yi ba. Ya shahwa gemu ya ce, “Yaron nan ya yi magana. In da labule, ai ba zama tare ba ne.” Ya juya wajen Kaka. “Ɗiyarki na kwance. Kawo zane.”

Kaka ta dubi motar. Can ta kwance ƙunshinta ta hiddo wani baƙin zane na saƙi, mai kauri, ta jeho mani a huska.

Munka ɗaure baki guda jikin madubin gaba. Ɗayan bakin ba inda za a ɗaure shi, rufin motar sumul yake. Bayan kujerun akwai wani ɗan lungu, Baba ya ce nan Anasara ke aje karenshi. Kowa ya juyo ya dube ni. Da ma ba ni da nama a jiki, hwari ya gama wannan aiki. Na shiga lungun karen na tsuguna, gwiwa a haɓa, wuya a lanƙwashe, na ɗaga bakin zane sama da hannu. Mata biyu sunka kama Kaka sunka zura ta cikin kujera tana salati. Ta juya huska wajen ƙohwa, ta kihe ƙwarya bisa gwiwarta ta ɓangaren Baba, dan sandar bitas ta canza giya nan take, hannunshi kuma dole shi zo wurin. Sai da anka tabbata ta ruhu sannan anka kira shi ya shiga.

Munka kama hanya. Ba mu yi nisa ba cikin motar ya hau tudun rairai, tayoyi sunka yi ta juyawa a banza. Ni da Baba munka hita muna tona da hannu. Kaka ba ta hita ba, dan in ta hita ba mai maida ta. Wasu Hillani sunka iske mu, suna kora ƴan shanun da sunka rage musu zuwa kudu, ƙashin haƙarƙari duk a waje. Sunka aje sanduna sunka kama turi. Wani ya leƙa ya ga mutum a lulluɓe ya ce, “Amarya kuka ɗauko?” Na ce, “Tawa ce, ta yi yaji na biko ta.” Ludayi ya hito ta taga ya same ni a goshi. Sunka tura mu suna dariya. Baba ya so shi ba su wani abu, babbansu ya ce in dai da ruwa. Munka raba abin da ke cikin jarka.

Cikin mota kuwa aikina biyu, riƙon zane da kai saƙo. Mutum biyu, numhwashin juna suna ji, amma sai ta bakina.

Baba ya ce, “Tambaye ta ko iska ya yi mata yawa.”

Na ce, “Kaka, wai ko a tsaya ki hau bisa rufi?”

Ta ce, “Ce mishi lahiya lau. Ce mishi kuma in ya ga rijiya shi tsaya a jehwa ka.”

Na ce, “Baba, ta ce ka iya tuƙi.”

Na ji shi shina danne dariya ta hanci. Hannuna na dama in ya gaji in koma na hagu, in shi ma ya mutu in kama da haƙori. Zanen warin hayaƙi da daddawa yake. Duk ramin da munka hwaɗa, kaina sai ya daki rufi, Kaka ta ce, “Ƙara mishi.”

Munka wuce Kanan-Bakache, munka sha jar hanya har Tasawa. Na roƙi Baba kada shi bi ta gaban tasha. Ya bi. Ƴan tasha sunka gan ni naɗe a lungu da zane a baki, wanda ya ɗaga musu hannu ɗazu. Wannan na daɗe ina biyan shi.

Sai tayoyi sunka taɓa gudoro. Nan na gane abin da anka ƙera motar nan dominshi. Duk ƙarar nan da girgiza sunka ɗauke kamar an yanke. Baba ya tura bitas, gurnanin ya koma wani ɗan kuka siriri, motar ta lahe bisa hanya tana tahiya kamar an zuba ruwa bisa tabarma. Itatuwa suna zuwa suna wucewa, gonaki hwari tas ba ko kara, nan da can mushen saniya. Muna cimma kamiyo mu wuce shi kamar a tsaye yake. Kwana in ta zo, ba a jin an karkata. Ni da na saba da motocin da sai an yi musu addu'a a kan tudu, na buɗe baki, zane ya kusa hwaɗuwa.

Na leƙa ɓangaren Kaka. Da tana riƙe da hannun ƙohwa da ƙarhi, yanzu ta saki. Bayanta ya kwanta cikin kujera. Matar nan tun da rani ya kama take duƙe, ko bakin rijiya, ko gindin anza, ko bisa turmi. Na ji ta sauke wata ajiyar zuciya mai tsawo.

Can ta ce, “Tambaye shi, ƙahwahun Innarka sun kumbura?”

Wannan ban sa wasa ba. Na hwaɗa yadda ta hwaɗa.

Ya ce, “Kaɗan. Jiya sun hi yau.”

“Tambaye shi, an kai ta likita?”

“An kai ta, lokotoro ya yi mata allura, ya ba da magani. Ya ce a ba ta abinci sosai.”

“Wa ke wajenta?”

“Maƙwabciyarmu, wata Kirista, mutuniyar wajen Bawudeta. Ita ke ɗiga ma jaririyar madara da cokali. Amma ita ma da nata yaran.”

Sannan Kaka ta ce, “Tana ci?”

Ba ta ce tambaye shi ba. Na buɗe baki in kai saƙo, Baba ya riga ni.

“Ba ta ci, Kaka. In an kai mata sai ta juya ma bango. Kuka take tana cewa ita ma haka yayarta ta yi.”

“Za ta ci,” in ji Kaka.

Shi ya kahe ido bisa hanya, ita ta ja lulluɓi. Ni ma na yi kamar ban ji komi ba, na gyara riƙon zane. Ba a jima ba sai na ji wani sauti da ba na inji ba. Baba ya rage gudu shina saurare, ya zaci wani abu ya kwance. Na ce, “Ba mota ba ce, amaryata ce.” Kaka ta yi barci, baki buɗe, ƙwarya ta zame. Na miƙa ƙahwa na tare ƙwaryar da yatsa. Baba ya rage rediyon da da ma ba shi kunne, ya koma shina kauce ma ko ƙaramin rami.

Bariyar Agye ce ta tsaida mu. Da ma irin wannan mota a wancan zamani abin tambaya ce, dan ma'aikata kansu ɓoye abin hannunsu suke yi. Wani jandarma dogo, da alama mutumin yamma ne, ya zo ya duƙa, ya ƙara duƙawa kahin shi kai taga. Ya karɓi takardu ya duba, ya dubi Baba, ya dubi hannunshi mai baƙin mai. Sannan ya ga zane, ya ga ni.

“Wannan mi ne ne? Mi kuka ɓoye?”

Na ce, “Shef, danga ce.”

“Ka yi mani shiru.” Ya zagaya, ya leƙa ta ɗayar tagar, hannu bisa ɗamara. Ya iske tsohuwa tana minshari da ludayi a cinya. Ya dawo.

“Wace ce?”

Baba ya sunkuyar da kai ya ce, “Surukata ce, shef. Ɗiyarta ta haihu ba lahiya.”

Jandarma ya miƙe tsaye. Ya dubi kujerun biyu, ya dubi zane. Sai ya ce, “Ayyo.” Ya maida takardu. Ya sa hannu aljihu ya hiddo wata ƴar wayar ɗauri, ya zura kai cikin mota, ya soke bakin zanen ya maƙale shi jikin wani ƙarhe na rufi da ni ban ma lura da shi ba. Ya ja ya ga ya kama. Ya ce, “Sauke hannunka, ɗan iska, kahin shi bushe.” Ya ɗaga muna itacen bariyar da kanshi, a hankali, kada shi tada ta.

Hannuwana sunka sauko kamar na wani. Sauran hanyar na yi ta ina kallon ƙeyar Kaka tana lilo. Ba ta hwarka ba a Cadawa, ba ta hwarka ba a bariyar shiga gari. Sai da Baba ya kashe mota ƙohwar gida, la'asar sakaliya, sannan ta buɗe ido ta ce, “An tsaya shan ruwa?”

Na ce, “Maraɗi ce wannan.”

“Ƙarya kake.”

Baba ya hita ya ɓace bayan gida dan ta samu hita. Maƙwabciyar ta zo ta kama ta hannu biyu ta zaro ta. Ni ba wanda ya zaro ni, na gangaro da kaina na hwaɗi ƙasa, ƙahwahu ba su san ni ba. Kaka ta tsallake ni ta shiga. Ina kwance ina jin muryarta daga ɗaki, ba kuka ba lallashi.

“Tashi zaune. Ba ni ɗiyar in gani. Kai, wannan hancin na ubanta ne, Allah shi sawwaƙe. Ina itace? Wa ya ɗora wannan ƴar tukunya, shayi za a dahwa? A samo babba.”

Kahin magariba ruwa ya tahwasa, kunun kanwa shina bisa wuta. Ni anka aika neman ganyen bedi, dogon yaro, na wankan jego, ina ɗingishi. Da na dawo na iske Inna jingine da bango, ido ya zurma, Kaka ta riƙe mata ƙwarya a baki tana cewa, “Shanye, ba roƙonki nake ba.” Ta shanye. Washegari na koma Tasawa bisa kamiyo, a tsaye, kuma na ji daɗin tsayuwar.

Ba a yi mako ba wani direba ya kawo mani saƙo cewa zazzaɓi ya sauka, nono ya zo, jaririya har ta hwara ƙin cokali. Na je suna na ci nama.

Da anka yi arba'in Baba ya aiko in zo in raka Kaka gida. Na iske ta ta yi kumatu. Ta ɗaure kaya, ta hito ƙohwa, ta duba gabas ta duba yamma.

“Ce mishi a kawo ƴar jar.”

Ƴar jar kuwa tana gareji bisa duwatsu. Tudun rairan garinmu ya hwasa mata wani abu a ciki, tun ran nan take zubar da mai, kuma ba a samun kayanta ko a Kano. Na hwaɗa mata. Ta ce a banza, da ma ita ba ta ga abin so jikinta ba. Munka hau kamiyo, anka ba ta wuri gaba kusa da direba dan girma. Tun daga Maraɗi har Tasawa tana zagin kujerar, tana tambayar direba ko bisa duwatsu ya koyi tuƙi.